Sunan Uwar Ɗan Majalisa

Stratis ya sayar da sunan 'yarsa, kuma ba a biya shi ba.

A ƙauyensu 'yar fari sunan uwar uba take ci, uwarsa tsohuwa Pelagia kuwa ta daɗe tana jiran takwararta. Sai zaɓe ya matso. Ɗan majalisa Mavrelis, kamar ubansa da kakansa da suka riƙe kujerar kafin shi, da baftisma yake tara ƙuri'a: in ya tsaya wa jariri a matsayin uba, dangin jaririn kaf sun zama nasa. Ya yi wa Stratis alkawarin aikin gadin daji. A coci, da fada, wato limamin cocin, ya tambayi suna, Mavrelis ya ce Evanthia, sunan tasa uwar. Stratis ya zuba wa takalminsa ido. Tsohuwa ta gyara kallabinta, ta fita tun ba a raba alewa ba.

Dangi suka zaɓi Mavrelis, ya ci, aiki shiru. Kafin zaɓe na gaba aka sake shata mazaɓu, aka yanke ƙauyen daga bakin kogi, aka liƙa shi da mazaɓar gaɓar teku.

A shagon gahawa Lefteris maƙeri ba ya gajiya da tsokanar Stratis. "A'a, ga mai gadin daji! Ina hular aikin? Ko tana majalisa ana yi mata guga?"

Stratis ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shiga gari, ya samu Mavrelis a ofis.

"Ranka ya daɗe, uban Evanthia ne."

"Wace Evanthiar? Ai ina da su da yawa."

"Ta hayin kogi."

"Wayyo, ɗan'uwa, ku yanzu ba nawa ba ne. Ka nemi na gaɓar teku. A shafa mini kan yarinyar."

Ya dawo ya tarar da uwarsa tana tsince wake. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, in Allah ya ba mu wata macen..."

"Ta biyu ta uwar matarka ce. Kai ma ka sani. Matsa, ka tare mini haske."

Pelagia ta goyi yarinyar, ta ciyar da ita, ta taje mata gashi, amma har aka binne ta ba ta taɓa kiran sunan ba. "Ke" kawai take cewa. Evanthia ta girma tana zaton kakarta ba ta ƙaunarta, Stratis kuwa bai taɓa iya gaya mata dalili ba.