Ƙofar Ɗakin Baba Manu

Hadi kafinta yana zare ƙusa ta ƙarshe daga ƙyauren, Baba Manu ya yi tari daga cikin bargo.

"Hadi, ka bi a hankali. Ƙyauren nan ya girme ka."

Hadi ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Mutum ne mai tausayi, in dai tausayin ba zai ɓata shi da manya ba. Alhaji Rilwanu mai gidan kuwa yana tsaye a bayansa, ya naɗe wuya da mayani. Ɗakin yake so ya zuba riɗi. Alƙali a Birnin Kudu ya ce ba mai fitar da kayan tsohon sai wa'adin da aka ba shi ya cika, wa'adin kuma sai bayan lokacin ɗari.

"Kaya alƙali ya ce," in ji Alhaji. "Ka ji ya ambaci ƙofa? Gyara za a kai ta."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Baba Manu.

Da yamma Hadi ya lallaɓo ya rataya buhu biyu a bakin ɗakin, ya koma gida yana jin kansa waliyyi. Matarsa Batulu ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da aikin lada, Malam. Ka cire katako ka sa buhu."

"Gobe zan yi wa Alhaji magana."

Goben ta yi ta haihuwar wata goben. Sanyin bana kuwa ko ruwan alwala sai an ɗumama. Tarin tsohon yana ƙetaro katanga har shagon Hadi, shi kuma sai ya ƙara wa zarto ƙarfi.

Ran Laraba da hantsi ba a ji tarin ba.

Alhaji ya zo shago da sassarfa, hula a karkace. "Maza ka mayar da ƙofar nan. 'Yan'uwan tsohon na tafe daga garin Sara, kada su ga abin da ba shi ke nan ba."

Hadi ya ɗauko ta a ka, ya ratsa mutanen da ke shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An riga an fitar da Baba Manu wanka. Hadi ya buga ƙusoshin a hankali, ya gwada, ta zauna daram.

A ciki, kaskon wuta na nan kusa da shimfiɗa, tokarsa ta huce. Ya jawo ƙyauren ya rufe.