Kujerar da Aka Sa wa Kuɗi

Kafinta gwani ne a kan katako, amma in aka zo yanka farashi sai dai a taya shi da addu'a. Zai ƙare ƙarfinsa a kan akwati guda, mai saye ya ce, "Kai, wannan hannu naka!" Shi ke nan an gama da shi, ya sallama a kuɗin ƙusa. Shi ya sa tun farkon aurensu matarsa ta ƙwace wannan aikin. Duk baje kolin kayan hannu da za su je, tana zaune a kujerarta bayan tebur, ta ɗaga faranti ko cokali ta juya shi. "Katako nawa ya ci? Man da ka shafa masa fa? Bayanka da ya ƙage, shi kyauta ne?" Sannan ta rubuta kuɗi a 'yar takarda ta ɗaura da zare.

Doka ɗaya gare ta, kuma ta faɗe ta har ya haddace: "Maigida, kada ka sa wa abu kuɗi sai ka gama rabuwa da shi a ranka. Takardar nan ban kwana ce."

Kujerar kuwa shi ya yi mata lokacin da ciwon ƙugu ya kama ta, har take jan ƙafar hagu. Gajera ce, bayanta ya ɗan kwanta, hannun hagu ya fi na dama faɗi saboda nan take jingina. Bara Allah ya yi mata rasuwa, ya mai da kujerar lungun shago, inda rana ba ta kaiwa.

A nan ya lura da abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Garin katako yana sauka a kan komai, zarto, guduma, har gashin girarsa, amma ban da mazaunin kujerar nan. In ya ɗora tafin hannu kuma sai ya ji ɗumi, irin na wurin da mutum ya tashi yanzu-yanzu. Ranar farko da baya-baya ya fita daga shagon. Daga baya ɗumin nan ya zama abin da ke tashinsa da safe. Yana ji a tafinsa, sai ya samu ƙarfin ɗaukar zarto.

Da baje kolin bana ya zo, bai iya barin ta ita kaɗai ba. Ya ɗora kujerar a mota tare da kaya, yayarsa ta biyo shi don ta tsare masa farashi. Zaure ne babba, tebura jere, fankoki na ta juya zafi. Suna cikin jera faranta sai ga mai kula da rumfuna, da kati rataye a wuya.

"Malam, wannan kujerar ba takarda."

"Ba ta sayarwa ba ce, ranka ya daɗe."

"Dokar bana ke nan. Duk abin katako da ke cikin rumfa a sa masa kuɗi, ko a fitar da shi waje."

A waje hadari ya haɗu, ga 'yan dako na jifa da kaya son ransu. Kafinta ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Auta, kai dai Allah ya sawwaƙe maka," in ji yayarsa. "Rubuta kuɗin da ko mahaukaci ba zai biya ba mana! Ka bi doka, kujera tana nan."

Shawarar ta yi masa daɗi, har ya ga kansa mai wayo. Ya rubuta lamba, ya yi ta jera mata sifiri sai da takarda ta ƙare. Ya sunkuya yana ɗaura zaren a hannun hagu, sai ya ji kamar an zare wani hannu daga ƙarƙashin nasa, a hankali. Ya ce a ransa iskar fanka ce.

Dabara ta ci. Jama'a su zo su karanta takardar su ƙyalƙyale da dariya. "Da zinariya aka yi ta ne?" Kafin su wuce sun sayi cokali ko maratayin makulli. Yayarsa sai washe baki take tana cewa ai ga amfanin babba.

Rana ta take tsaka wata tsohuwa ta shigo layinsu. Ba jaka a hannunta, ba ta kalli tebur ko ɗaya ba. Ta zo ta tsaya gaban kujerar ta ɗan russuna.

"Sannu da zama," ta ce. Ba Kafinta take kallo ba.

Ta kama takardar ta duba. "Na saya."

Ko tayi babu. Mutumin da ya ga wannan kuɗi bai ce a rage masa ba, ai abin tsoro ne. Kafinta ya matso kusa da ita.

"Inna, ina jin ba ki ga lambar da kyau ba."

"Na gani sarai, ɗan nan. Ba kai ka rubuta ba?"

"Ni ne, amma ba da gaske..."

"Hannunka ne ko ba hannunka ba?"

"Albarka!" Ya fizge takardar har zaren ya yanke masa yatsa. "Albarka, Inna. Ba ta sayarwa ba ce, wallahi ba ta sayarwa ba ce."

Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Tausayi ne ma a fuskarta, kuma shi ya fi firgita shi.

"Riƙe katakonka, ni ba shi na zo ɗauka ba. Tun bara nake zuwa mata, kullum ta ce in dakata, maigidanta bai sallame ta ba tukuna. Yau ta ce ta gani a rubuce."

Ta lanƙwasa gwiwar hannunta wajen kujerar ta tsaya tana jira, kamar yadda ake jiran mai ciwo ya miƙe. Sannan ta juya. Da saurinta ta shigo, amma yanzu taku take ɗai-ɗai, kafaɗarta ta karkace saboda nauyin da babu mai ganinsa, tana tsayawa duk bayan taku a ja ƙafar hagu.

Yayarsa ta yi 'yar dariya. "Tsohuwar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Ji wata tafiya, sai ka ce ta marigayiya..."

Kafinta ya buɗe baki zai kira matarsa, ya rasa da wace fuska zai kira, shi da ya haddace dokar. Suna ficewa daga ƙofar zauren ya durƙusa ya ɗora tafinsa a mazaunin. Ya juya bayan hannu ya sake gwadawa. Ya kifa kumatunsa a kai, jama'a na kallo. Sanyi ƙalau, katako kamar kowane katako.

Ya mai da kujerar lungunta a shago, ya yi ta ba matarsa haƙuri, ya ce dokar mutane ce, ya ce shawarar Yaya ce, ya ce sifirin ma ai don kada a saya ne.

Washegari da ya buɗe shago, garin katako ya rufe mazaunin.