Hannun Talla

Mai Safa yana zaune a ɗakin kwalliya, hannuwansa biyu a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Haka aikin yake. Kafin a haska hannu da kyamara sai an ɗaga shi na ɗan lokaci, jini ya sauka, jijiyoyin bayan hannu su kwanta, fata ta yi sumul. Ya kusa shekara ashirin yana wannan ɗagawa. Da hannun nan aka yi tallar sabulu da alƙalami da zobe da wayar salula, amma ba a taɓa sa fuskarsa a allon talla ba. Maƙwabtansa ma ba su san takamaiman sana'arsa ba. Abin da suka sani shi ne ga wani ƙato da ba ya rabuwa da safar hannu komai zafi, kuma ba ya ba kowa hannu a gaisa. Shi ya sa suka laƙaba masa sunan.

Yau agogo ne, irin wanda talaka sai dai ya gani a hoto. Kamfanin da ya ƙera shi ya kama zauren otal mai rufin gilashi, ya sa taron da tsakar rana, domin agogon da hasken rana yake aiki, lokaci kuma daga tauraron ɗan'adam yake karɓa. Za a karkatar da allurorin agogon daga daidai da gangan, a ɗaura wa Mai Safa, ya ajiye hannu a kan ɗan matashin kai fuskar agogon tana kallon sama. Idan hannun ya tsaya cak, agogon zai kama saƙon tauraron, allurorinsa su juya da kansu su tsaya daidai a gaban jama'a. Idan ya motsa, sai dai a yi ta jira. Duk wannan kuwa a allon majigi za a nuna shi, allon da ya fi bangon ɗakin Mai Safa faɗi, inda ko gashi ɗaya ya tashi sai kowa ya gani.

Ga shi kuma hannunsa na hagu ya fara rawa.

Daga babban yatsa abin ya somo, 'yan watannin baya. Yana zaune yana jin rediyo, sai ya ga yatsan yana murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi, ba tare da ya sa shi ba. Ya ce gajiya ce. Ya daina shan shayi, ya ƙara barci, rawar ta yi kunnen uwar shegu da shi, har ta hau wuyan hannu. Yatsun ma suka yi nauyi, ɓalle maɓallin riga ya zama aiki. Abin haushin, idan yana motsa hannun sai ta ɗan lafa, sai ya ajiye shi shiru take tasowa, alhali ajiye hannu shiru shi ne duk abin da ya iya a duniya. Likita ya faɗa masa wani dogon suna, ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Mai Safa ya fito daga asibiti yana jin tsoron da bai taɓa ji ba, bai kuma gaya wa kowa ba sai matarsa.

Maman 'yan biyu mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, kuma ita ce hannun gidan tun da aka yi aure. Ita ke wanki, ita ke kafa ƙusa, ita ke ɗauko tukunyar gas daga bakin titi, shi yana biye da ita hannu a aljihu, mutane suna zunɗensa. Ko 'yan biyun, sai da aka yanke musu farce yake ɗaukarsu. Takan ce ita 'ya'ya huɗu take raino, 'yan matan nan biyu da hannuwan ubansu. Nata hannuwan sun yi kanta, sun tsattsage a gefen yatsu, ba ta kuma taɓa mita a kai ba, don ta san daga inda abincin gidan da kuɗin makarantar yaran suke fitowa.

Ita ta gano dabarar. Idan ta kama damtsensa ƙasa da gwiwar hannu da hannu biyu, ta matse iya ƙarfinta ta danne shi a kan teburi, rawar takan kwanta na ɗan lokaci. Suka yi ta gwaji a teburin cin abinci bayan yara sun tafi makaranta, da tsohon agogonsa a wuyan hannu. Wani lokaci a dace, wani lokaci yatsunta su gaji kafin rawar ta gaji.

Dogo mai kyamara, tsohon abokin aikinsa, ba wanda ya gaya masa komai. Ya dai lura hoton da a da yake ɗauka sau ɗaya ya wuce, yanzu sai ya yi ta dannawa kafin ya sami mai kyau. Bai yi tambaya ba. Ranar gwajin taro sai ya je wurin Madam, mai shirya taron, ya ce rumfar da za a sa Mai Safa akwai zafi, hannu zai yi gumi, ya kamata a bar matarsa ta shiga tana yi masa fifita. Madam ta ce ta shiga, amma kada a ji ko tarinta.

Rumfar ba ta fi kwabar tufafi girma ba. An lulluɓe ta da baƙin yadi, aka tsaga 'yar ƙofa a gaba inda hannu zai fito ya kwanta a kan matashi. Jama'a hannu kawai za su gani, sai ka ce ba shi da mai shi. Da lokacin taron ya yi, Mai Safa ya zauna a kan 'yar kujera, Maman 'yan biyu ta durƙusa a gefensa a kan gwiwarta mai ciwo, ta ajiye maficin da aka ba ta a ƙasa.

"Baban 'yan biyu, ka daina kallonsa," ta ce masa a hankali. "Kallon da kake yi masa ne yake sa shi iskanci."

Daga waje suna jin zauren yana cika. Ƙarar kofuna, ƙamshin turare mai tsada yana ratso yadin, dariyar mutanen da ba su da wata damuwa a ranar. Mai gabatarwa ya hau dandamali ya yi ta zuba. Wai agogo ne da ba ya buƙatar kowa, ba a murza masa kai don ya yi aiki, ba a canza masa batir, ko a wace ƙasa ka sauka shi zai gaya maka lokaci kafin ka tambaya. Aka yi tafi. Madam ta leƙo ta bayan rumfa ta ɗaura masa agogon, mai sanyi da nauyi, ta danna maɓallin da ke karkatar da allurorin, ta ce bismilla.

Ya fitar da hannun. Hasken rana ya sauko masa ta gilashin rufi, ya ji zauren ya yi tsit. Maman 'yan biyu ta cafke damtsen, ta ɗora dukkan nauyinta a kai, goshinta a jikin kafaɗarsa. Yana jin rawar tana tasowa daga can cikin nama tana neman hanya, tana cin karo da yatsun matarsa tana komawa. Zufa ta keto masa. Ta wani ɗan rami a jikin yadin yana hango gefen allon, ga hannunsa nan ƙato, kyakkyawa, kwance lafiya lau. Agogon kuwa ya ƙi motsi. Mai gabatarwa ya fara cike shirun da barkwanci, yana cewa tauraron yana nesa, a yi masa uzuri. Numfashin Maman 'yan biyu ya fara fita da ƙyar, hannuwanta su ma suka soma karkarwa don gajiya, amma ba ta saki ba.

Sai allurorin suka zabura. Suka zagaya da gudu, suka rage, suka tsaya daidai da lokacin da ke rubuce a saman allo. Zauren ya ɗauki tafi har da masu miƙewa tsaye. Mai Safa ya rufe ido, ya ji hawaye yana neman zubo masa, ya ce a ransa an tsallake.

Da an bar shi haka, da an tsallake ɗin. Amma mai gabatarwa daɗi ya kwashe shi, ya fita daga abin da aka tsara. Akwai babban baƙo a layin gaba, attajirin da ya riga ya ce nasa ne agogo na farko. Mai gabatarwa ya kira shi dandamali, ya ce wannan hannun da ya karɓo lokaci daga sama, shi ne zai ɗaura masa da kansa. Jama'a suka yi na'am. Attajirin ya naɗe hannun riga ya ɗora wuyan hannunsa mai gashi a kan matashin.

A cikin rumfa miji da mata suka kalli juna. Ba yadda za a ɗaura agogo da damtse a danne, kuma ba yadda za a ce a'a. Ta sake shi a hankali, yatsa bayan yatsa, don sun sage.

Ya fitar da hannun dama, ya kwance agogon da ƙyar, ya kai shi wuyan hannun mutumin. Daga nan komai ya kwaɓe. Hannun hagu, da aka daɗe ana dannewa, ya ɓalle da rawa gaba ɗaya. Maɗaurin ƙarfen ya yi ta ƙwanƙwasa ƙashin attajirin, bakin maƙullin ya ƙi shiga, ya kama ya kuɓuce, ya kama ya kuɓuce. Dogo ya yi ƙoƙarin kawar da kyamara zuwa fuskar baƙon, amma akwai wata kyamarar a sama wadda ba shi ke riƙe da ita ba, ita kuwa ba ruwanta.

Attajirin ya dubi allo, ya dubi jama'a, ya yi murmushi ya karkato bakinsa wajen makirufo.

"Kwantar da hankalinka, bawan Allah. Ba cin mutane nake yi ba."

Zauren ya fashe da dariya. Sun ɗauka kwarjinin mutumin ne ya kaɗa mai hannun, shi ma haka ya ɗauka, kuma ya ji daɗin abin sosai. Madam ta hau dandamali da fara'arta, ta karɓi agogon ta ɗaura masa cikin ƙiftawar ido, aka sake tafi. Mai Safa ya janye hannuwansa cikin duhu ya matse su tsakanin cinyoyinsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai ko a gaban matarsa.

Ana can ana ciye-ciye Madam ta same su a ɗakin kwalliya, ta rufe ƙofa. Ba muguwa ba ce. Ita ta fara ba shi aiki tun yana saurayi, har suna ta je lokacin da aka haifi 'yan biyu. Ya fara cewa sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne ya yi yawa, ta ce ya miƙo hannun. Ya miƙa. Su uku suka tsaya suna kallonsa yana abinsa. Ta ja hannun rigar sama, ta ga shatin yatsu jajaye sun nutse a damtsen, ta juya ta dubi Maman 'yan biyu, ta dubi maficin da ko taɓa shi ba a yi ba. Ba ta tambayi tun yaushe ba.

Ta zauna, ta faɗi abin da ya kawo ta. Masu kamfanin sun yaba da hannun ƙwarai, suna so a ga irinsa a tagar kowane kanti da za a sayar da agogon. Da ma shawarar da ake yi ita ce a riƙa yawo da shi gari-gari yana nunawa. Yanzu kuwa ita za ta ba su wata shawarar: a yi zubin hannun. Za a tsoma shi cikin wani kwaɓi har ya daskare, a zare, a zuba roba a gurbin, a fitar da hannu ko nawa ake so, da zanen fatarsa da farcensa da komai. Za a sallame shi da kyau, sau ɗaya. Ta ce iyakar abin da za ta iya yi masa ke nan, kuma gara a yi da wuri, kafin maganar yau ta zaga.

Mai Safa ya gane sarai. Ranar da aka fitar da na robar, ba mai sake kiransa, ba nan ba, ba ko'ina ba. In kuma ya ƙi, kiran ba zai zo ba duk da haka.

Maman 'yan biyu ta miƙe tana dafa gwiwa, idonta ya kaɗa. "Haba Madam. Shekara da shekaru, sai a kwafe shi kamar makulli a ce ya tafi gida?"

"Maman yara, in kina da wata dabarar, faɗa mini. Wallahi zan bi."

Maman 'yan biyu ta koma ta zauna tana murza yatsunta da har yanzu ba su gama miƙewa ba.

Mai Safa ya tambaya ko kwaɓin yana daɗewa kafin ya daskare. Madam ta ce yana ɗan jimawa, ya fi na agogon nan, kuma idan hannu ya motsa a ciki zubin ya lalace. Ya sunkuyar da kai. Ba ya son ya dubi matarsa, don ya san abin da zai roƙa, ya kuma san ba za ta ƙi ba.

"To ko za a bar ta ta shigo tare da ni?"

Madam ta tashi ta kama ƙofa. Ta sake duban shatin da ke damtsensa, wanda ya fara komawa baƙi.

"Ta zo," ta ce. "Amma ta riƙe daga can sama. Kada yatsunta su fito a jiki."