Jami'ar da Mai Leshi Ya Zaɓa

Innocent Mai Leshi bai yarda da waya ba. Yana da ita, babba ma kuwa, da ita yake ciniki a Kantin Kwari. Amma ka ce masa wane lafiyarsa ƙalau don kun gaisa a waya, sai ya yi maka kallon da yake yi wa dillalin da ya kawo masa jabun leshi. Kada ka ga laifinsa. Shekarar da matarsa Veronica ta tafi garinsu can kudu jinyar mahaifiyarta, kullum sai sun yi waya, kullum ta ce masa lafiya lau, har da dariyarta. Ashe ita ma ciwo ke cin ta. Wani direban motar Onitsha ne ya gan ta a bakin titi, ya zo har shago ya ce, "Oga, matarka fa ta rame." Kafin Innocent ya isa an kwantar da ita a asibiti, bai daɗe da isa ba ta rasu. Tun daga ranar ya ce shi dai gani ya kori ji.

Gidan da yake haya a Sabon Gari tsohon bene ne, a da can ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyar yara. Yanzu rabin ƙofofin da kwaɗo. Wasu sun koma kudu, wasu Abuja. Babban ɗansa Chidiebere yana Legas, sai ya tuna yake kira. Mutum ɗaya ta rage masa, autarsa Kosisochukwu, wadda kowa ke kira Kosi. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ke dafa masa abinci, ita ke yi masa faɗan shan magani, ita kaɗai ce ke ce masa sannu da zuwa idan ya dawo daga kasuwa.

To, ita ɗin ce ta ce karatun waje take so.

Bai ce a'a ba, don ya san kanta na ja, kuma ya yi wa uwarta alkawarin za ta yi karatu. Sharaɗi ɗaya ya kafa: jami'ar gwamnati. "Ta 'yan kasuwa shago ce," in ji shi. "Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake wayar gari a ga shago a rufe." A ransa kuwa, Allah ya sani, ya ɗauka sharaɗin zai gajiyar da ita. Ina! Yarinya ta duƙufa, ta yi ta cike-cike a kwamfuta har bazara ta shigo, sai ga jami'o'i biyu sun ce ta zo. Ɗaya a wani ƙaramin gari a Jamus, inda ake koyar da ainihin abin da take so, aikin injiniyan ruwan sha. Ɗaya kuma a China, kwas ɗin ya ɗan yi kama da wancan, amma ba shi ba ne.

Jamus ɗin take so, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Hoton makarantar ne a fuskar wayarta. Har ta fara koyon gaisuwarsu tana wanke-wanke.

Shi kuwa Innocent abu ɗaya ke damunsa, ba kwas ba, ba sanyi ba: wa zai gan ta? Wa zai je da ƙafarsa, ya dube ta da idonsa, ya dawo ya ce masa yarinyarka ta yi ƙiba ko ta rame?

Sai ya shiga bin layin Kwari yana tambaya, kamar mai cigiyar akuya. "Alhaji, kana da mai zuwa Jamus?" Wannan ya girgiza kai, wancan ya yi dariya. Me za a sayo a Jamus, atamfa ko shadda? Wani ya ce yana da ƙanin mata da ya taɓa zuwa sayen tsofaffin motoci, amma an daɗe. China kuwa, kai! Ko ina ka juya mai zuwa China ne. Wannan jiya ya dawo, wancan kwantenarsa na kan ruwa, wani ma har abincinsu ya iya ci da tsinke. Maƙwabcin shagonsa, Alhaji Sammani, wanda suka yi shekara da shekaru suna ajiye wa juna mukulli, ya ce, "China? Ai gidanmu ce, Mai Leshi. Bayan salla ma zan koma."

Shi ke nan, magana ta zauna wa Innocent. A Kwari ba a san gidan waya ba, mutum ake ba saƙo. Yaji, kilishi, maganin basir, takalmin yaro, duk a jakar matafiyi suke tafiya, kuma su isa. Har ya fara lissafa abin da zai riƙa aika mata: garin rogo, busasshen kifi, ogbono na miya. Alhaji zai miƙa mata hannu da hannu, ya ga fuskarta, ya dawo da labari. Ranar har tsire ya saya a hanya, abin da ya daɗe bai yi ba.

"China za ki," ya ce mata suna cin abinci.

Kosi ta ajiye cokali. "Papa, kwas ɗin Jamus ne nawa."

"Ruwa dai ruwa ne, ko a ina. Wa kika sani a Jamus? Wa na sani? In kika kwanta ciwo, bango ne zai faɗa min?"

"Akwai waya, Papa."

Kash, da ba ta ambaci waya ba. Fuskarsa ta canja, ya ture kwanon. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce ko dai inda mutanensa ke zuwa, ko kuma ga jami'a nan a Kano, adaidaita sahu ɗaya ce za ta kai ta ta dawo da ita.

Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa. "To, Papa," kawai ta ce. Washegari ta aika wa mutanen Jamus cewa ba za ta zo ba, suka yi mata fatan alheri, suka ba wani gurbin. Ta cire hoton daga wayarta, ba ta sake zancen ba.

Da takardu suka kankama, Innocent ya ga lokaci ya yi da zai yi abin a mutunce. Wancan zancen da suka yi da Alhaji hirar kasuwa ce, ba a ba da 'ya a hirar kasuwa. Ya sayi farin goro manya-manya, aka naɗe masa a ganye, ya sa kaftaninsa na zuwa coci. Goro dai yare ɗaya yake ji, ko a wurin Igbo ko a wurin Bahaushe. Ya jira aka idar da azahar, ya shiga shagon Alhaji Sammani, ya zauna a kan dilar shadda, ya ajiye goron a gabansa.

"Lafiya, Mai Leshi? Ko aure za ka ƙara?"

"Amana na kawo maka, Alhaji. Kosi za ta China karatu. Ba ni da kowa can sai kai. Duk zuwan da za ka yi, ka leƙa ta, ka gan ta da idonka. 'Yarka ce."

Alhaji ya daina murmushi, ya gyara zama, don kalmar ba ta wasa ba ce. "Masha Allah. Kosi da aka goya a gabanmu. Wane gari ne?"

Kun ji tambayar da Innocent bai taɓa yi ba. Mutumin da ba ya sayen yadi sai ya murza shi a yatsa, ya ɗaga shi a rana, ya ja bakinsa, shi ne ya zaɓa wa 'yarsa ƙasa sukutum bai tambayi sunan gari ba. Shi a wurinsa China wata babbar Kwari ce, in ka shiga ta wannan ƙofa ka tambayi wane, za a nuna maka layinsu. Ya lalubo hoton takardar makarantar a waya ya miƙa.

Alhaji ya sa tabarau. Ya duba, ya buɗe taswira, ya ja da yatsa, ya sake ja, ya sake ja. Innocent na kallon yatsan nan yana ta hawa sama.

"Mai Leshi, mu Guangzhou muke zuwa, ga ta nan ƙasa. Wannan gari kuwa ga shi can ƙurya, dab da Rasha, inda kogi ke daskarewa. Tsakaninsu ya yi kusan nan da Jidda. Ni tunda nake zuwa, ban taɓa jin ɗan Kwari ya taka can ba. Ba a saƙa komai a can."

"Ko sau ɗaya a shekara, Alhaji?"

"In na ce maka to, na yi maka ƙarya. Kwanakin bizarmu a ƙirge suke, daga masaƙa sai wurin lodi. Kuma ka ga ƙafar nan tawa, ba ta jure doguwar tafiya." Ya kwance ganyen, ya ɗauki goro ɗaya, ya mayar masa da sauran. "Wannan na ci na zumunci. Amma amana ban karɓa ba, don ba a karɓarta saboda kunya. Gobe Allah zai tambaye ni. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa."

Innocent bai ji haushinsa ba, da ma a ce ya ji, da abin ya zo da sauƙi. Ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba. Bai hau adaidaita ba, ya taka da ƙafa daga Kwari har Sabon Gari cikin ranar nan, goro a hannu, mutane na gaishe shi yana amsawa bai san wa yake amsa wa ba. Kunya ce ke cin sa, da baƙin ciki. Ya raba yarinya da makarantar da take so a kan banza.

Ya same ta a baranda tana yanka ganyen ugu na miya, abin sauraro a kunne, tana maimaita wasu kalmomin yaren China masu hawa da sauka. Ta ga kaftanin, ta ga goron, ta cire abin kunnen.

"Papa, wurin Alhaji ka je."

"Garin nan naki," ya ce, "ba inda suke zuwa ba ne. Nesa ne ƙwarai. Ban sani ba, Kosi."

"Na sani, Papa."

"Kin sani?"

"Tun ranar da na nemi makarantar na duba taswira."

Ya nemi kujera ya zauna. "Kika bar ni ina ta haukata a kasuwa? Kika bar Jamus ta tafi? Don me ba ki faɗa min ba?"

Ta ci gaba da kallon wuƙar da ke hannunta. "Da na faɗa maka, da ka ce duka biyun ba mai zuwa, in zauna a Kano. Saboda Alhaji ka yarda. Na ga ƙofa ɗaya ce a buɗe, sai na bi ta."

"Ko da ba karatun da kike so ba ne?"

"Ko ina ne, Papa, in dai za ka bari." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu. "Ba kai nake gudu ba, wallahi. Gidan nan ne. Kowa ya tafi, daga ni sai kai sai hoton Mama. In na ƙara shekara huɗu a nan, ba zan iya fita ba har abada."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce, kuma bai taɓa zaton ita ma tana jin shirun gidan ba. Shi a zatonsa shi kaɗai ke jin sa. A ƙasa wani mai ruwa yana tura kura yana buga jarka, ba wanda ya leƙo ya kira shi.

"Yanzu ka fasa ke nan?" ta tambaya a hankali.

Kalma ɗaya ce, kuma ya san in ya faɗe ta za ta bi, ba za ta yi masa musu ba. Za ta ci gaba da dafa masa abinci, tana ce masa sannu da zuwa. Ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, kamar mai son ya haddace. Sannan ya miƙe, ya ajiye goron a kan tebur, ya sauka daga benen.

Kasuwar Sabon Gari ya nufa, layin 'yan gwanjo. Zafi ake kamar a gasa mutum, masu rigunan sanyi duk sun tura su can ƙasan kaya. Ya sa wani dattijo ya kwance dila, ya ce wadda ta fi kowace nauyi yake so, ta mace, mai hula. Ya murza wannan ya ajiye, ya juya waccan ya duba ɗinkin ciki, ya ja zif sama da ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗaga wata baƙa mai kauri kamar katifa, ya gwada tsawonta a jikinsa, daidai inda kan Kosi ke kai masa.

Dattijon ya yi dariya yana fifita da kwali. "Oga, a wannan zafin? Ko saƙo ne za a kai wa wani a Turai? In matafiyi za ka ba, bari in matse maka ita sosai, kada ta cika masa jaka."

"Bar ta haka, Baba," in ji Innocent. "Mai ita ce za ta tafi da ita a jikinta. Inda za ta, ba mai kai mata saƙo."