Rake Kaɗai Ya Hau

Tun ranar da Alhaji Faruk ya ga kalmar "haussier" a wayarsa, mutanen Matameye ba su sake hutawa ba. Faransancinsa a aji uku ya tsaya, amma idonsa ras yake. Ya bi baƙaƙen da yatsa, ya ga Hausa ɓaro-ɓaro.

"Kun gani?" in ji shi a majalisar shayi. "Turawa da kansu suka rubuta: in kasuwar hannun jari za ta hau, ta Hausawa ce. Abin a jininmu yake!"

Ya sayar da bajimansa biyu ya zuba, ya sayar da motarsa ya ƙara. Ita kuwa kasuwa ta kama gangara, shekara ɗaya da rabi ko waiwaye babu. Duk faɗuwa sai Alhaji ya ce araha ce Allah Ya kawo masa.

Ma'u, abokinsa tun lakwal, wato makarantar boko, shi ma ya taɓa zubawa, amma ya janye da wuri. Mutum ne da ko hadari ya taso sai ya ce ƙanƙara ce. Kullum ya zauna, kafin gaisuwa sai ya ce, "Alhaji, yau nawa ta zube?" Har lumshe ido yake yi in ya ji amsa.

Abu ɗaya ya rage wa Alhaji, lambun raken da mahaifinsa ya bar masa a hanyar Dungu. Matarsa Hajiya Zuhra ta yi magiya har ta gaji.

"Alhaji, wannan lambu shi ke ci da mu. Ka ji tsoron Allah."

"Ke dai ki jira. Yanzu ta taɓo ƙasa, sauran hawa."

Wa zai saya? Ma'u, mana! Ya taya da wulaƙanci, yana ta ƙorafin rake ma ba shi da gobe. Alhaji ya sallama.

Mushe Isufu, wato Malam Isufu, tsohon malamin lakwal, shi ne shaida. Sai da kowa ya sa hannu sannan ya tambayi dalili, Alhaji ya miƙa masa waya yana taƙama.

Mushe ya gyara tabarau. "Alhaji, 'osiye' ake karanta wannan, ba a ma furta harafin farko. Ma'anarsa mai zaton kaya za su hau."

"Ba ruwansa da Hausa?"

"Ko kusa."

Alhaji ya dubi Ma'u. Ma'un da ya kai aji shida, ya kuma sha jin wannan karatu a majalisa, sai ninke takardar cinikin yake yi yana sa ta aljihu. Wallahi abin ya ci wa Alhaji rai ƙwarai. Amma kunya ta hana shi ja da baya, ranar nan ya zuba kuɗin lambun duka. Kasuwa ta ƙara zubewa.

Da lokacin rake ya yi, Alhaji ya iske Ma'u a bakin tasha da kaya jibge. Daga nesa ya gane raken, fari mai dogayen gaɓoɓi, irin da mahaifinsa ya dasa. Ya ɗauki sanda ɗaya, ya miƙa dala ashirin, wato sefa ɗari, kamar yadda shi yake sayarwa bara.

Ma'u ya riƙe sandar. "Dala arba'in, Alhaji. Ya hau."