Sandar Hanyar Nguru

"Riƙe ni ta hagu, ba ta dama ba," in ji Baba Ɗalhatu. "Kai da kake ɗaga katan-katan a kasuwar Murshid, tsoho ɗaya ya gagare ka?"

Sabo ya gyara riƙo, suka ci gaba da saukowa daga bene, su taka su huta. Lif ɗin gidan ya lalace, kuma a unguwar Hor Al Anz ta Dubai in lif ya lalace sai ranar da mai gida ya ga dama. Wasila, matar Sabo, ta leƙo ta saman matakala, hannu a ƙugu.

"Wallahi Baba ba ku kyauta ba. Shekaranjiya fa aka sallamo ku. Likita ya ce zuciyar nan hutu take so, ku kuma kun nufi wasan yara!"

"Wasan yara ne, 'yata. Yaran ne dai suka yi furfura."

Ƙofar Baba na kallon ta su Sabo. Tun da suka tare a gidan suka same shi, tsohon akawun wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Ras, shi kaɗai, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗan Nguru ne, mahaifinsa ma'aikacin reluwe. Yanzu 'yarsa Mahfuza ta yanko masa tikitin komawa gida, ta ce zaman ya isa haka. Ya amince, amma da sharaɗi: ba zai bar Dubai ba sai ya shigar da jirginsa Nguru.

Abin da ya fito da su ke nan da rana tsaka, cikin zafin da ke dafa mutum a tsaye.

A wani tsohon sito can cikin unguwar masana'antu ƙungiyar masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa take haɗuwa duk Asabar. Sabo ya sha jin labarinta, ya sha kuma yin dariya a ɓoye. Da ya shiga sai dariyar ta maƙale. Wani makeken tebur ne ya cinye ɗakin, a kansa ga duwatsu, ga gadoji, ga tashoshi, ga layin dogo siriri yana ratsa su. Manyan mutane, Indiyawa da Turawa da 'yan Filifin, suna tsaye da kofunan shayi da sambusa, ana ta raha. Da suka hango Baba Ɗalhatu sai wurin ya kaure da tafi.

Wani dogon mutum mai jallabiya ya rungume shi. Ustaz Bashar ke nan, ɗan Sudan, jikan Hausawan da suka tafi hajji a ƙafa suka yada zango a can. Shi ne mai ba jirage hanya.

"Habibi, ka tsorata mu," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Zo ka gani, mun haɗa maka layinka."

A can ƙarshen tebur ƙasar ta koma ja da rairayi. Ga bishiyar kuka da Baba ya murɗa da waya, ga dalar buhunan gyaɗa, ga tasha mai rufin kwano an rubuta mata NGURU. Shekaru ya yi yana gina ta a ɗakinsa da kwali da gam, kuma sai yau aka jona ta da babban layi.

Su waɗannan mutane ba sa wasa da wasansu. Ba a tayar da jirgi sai an buga ƙararrawa an tambayi tashar gaba. Ba a ɗaga jirgi da hannu. Layin Nguru kuma ƙwaya ɗaya ne, don haka babu direban da zai hau shi sai yana riƙe da wani guntun ƙarfe na tagulla, kamar yatsa, wanda Baba ke kira sandar hanya. Guda ɗaya ce tak. Muddin tana hannun wani, layin nasa ne har ya miƙa ta a tashar ƙarshe.

"Haka mahaifina ya yi aiki," Baba ya gaya wa Sabo. "Ita ce ke hana jirage karo."

Ƙararrawa ta buga. Bashar ya miƙa wa Baba sandar da hannu biyu, ya jefa ta a aljihun kaftani, ya ɗauki na'urar tuƙi. Baƙin kan jirgi ya ja taragwai ya bar Kano. Baba na bin sa a gefen tebur, Sabo na tallafe da shi. Suka wuce Ringim. Suka wuce Malam Madori, Baba na kiran sunayen a hankali. Bayan Birniwa, ana hango rufin tashar Nguru, sai jirgin ya tsaya.

"Baba, ku ƙarasa mana."

Na'urar ta suɓuce, jikinsa ya saki gaba ɗaya a ƙirjin Sabo.

"Innalillahi! Ku kira mota!"

Ana jiran motar asibiti, Sabo ya ga idon tsohon a buɗe yana kallon tebur. Tausayi ya kama shi, ya miƙa hannu zai ɗauki jirgin ya dire shi a tashar, kowa ya huta. Taku nawa ne ma? Sai Baba ya damƙi rigarsa.

"Kul," ya ce da ƙyar. "Ba a haka."

Washegari Sabo ya same shi a gadon asibiti, an jona masa robobi, amma bakin nan yana nan.

"Jirgina fa?"

Sabo ya so ya yi ƙarya, wallahi ya so. Amma ya kalli fuskar ya kasa.

"Yana inda kuka bar shi. Ustaz Bashar ya hana kowa taɓawa. Ya ce layin a rufe yake."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To da wa zai taɓa? Duba aljihun rigata."

Tana nan kuwa, cikin ledar kayan da ma'aikatan jinya suka ƙulle. Sabo ya ciro ta zai miƙa masa, tsohon ya girgiza kai.

"Riƙe. In na tashi Asabar, ka ba ni. In ban tashi ba, kai ne direba. Mutane na cikin jirgin nan a tsakiyar daji, Sabo, ba ruwa ba abinci."

"Haba Baba, mutanen roba?"

"To, na roba ba sa son gida?"

Bai tashi ba. Ranar Alhamis da hantsi, Wasila na ba shi ruwan zafi a cokali, ya ce ya ƙoshi, ya juya fuska bango ya yi salati, shi ke nan. Mahfuza ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe, daga baya ta ce a binne shi a nan, kada a wahalar da gawa. Aka yi masa sutura bayan sallar Juma'a. 'Yan kasuwar Murshid suka zo, mutanen sito ma suka zo, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya daga nesa cikin rana har aka gama.

Abin ya tsaya wa Sabo a rai. Ga tikiti, ga akwati an ɗaure, mutum bai ga gida ba.

Ranar Asabar yana sa takalmi sai ga Wasila da mayafi da kula cike da ƙosai.

"Ina zuwa?"

"Inda za ka. Sadakar Baba ce. Kuma ina so in ga abin da ya fi masa gadon hutu."

A sito ba raha a ranar. An ci ƙosai a tsaye, an sha shayi, wani tsohon Ba'indiye na ta share tabarau. Jirage na yawo a sauran layuka, amma na Baba na nan bayan Birniwa, har ƙura ta ɗan hau rufin taragwan.

"Ustaz, ni fa ban iya ba," in ji Sabo.

"Sandar na wurinka?"

Ya nuna masa.

"Khalas, shi ke nan, layin naka ne. Murɗa shwaiya shwaiya, sannu-sannu. Ni zan tare ka a Nguru."

Aka tsayar da sauran jirage, kowa ya matso. Sabo ya murɗa, jirgin ya zabura kamar zai tuntsura, Wasila ta ce "Wayyo, a hankali!" Ya sassauta. Baƙin kan ya ja jiki ya wuce kukar, ya wuce dalar gyaɗa, ya shiga inuwar rufin kwano. Gumi na bin bayan Sabo duk da sanyin ɗakin. Ya mayar da maɓallin, jirgin ya tsaya daidai dandamali.

Ya miƙa sandar da hannu biyu. Bashar ya karɓa, ya buga ƙararrawa, ya yi sanarwa.

"Nguru," ya ce. "Ya iso lafiya."

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Wasila, tana goge ido da bakin mayafi.

Sabo ya durƙusa har idonsa ya zo daidai da dandamalin. Sai a lokacin ya lura da masu jiran jirgi: mai tallan rake, wani da akuya a igiya, mata da ƙullin kaya a ka, duk an yi musu fenti tsaf. Daga can gefe akwai wani ɗan tsoho zaune a kan akwati, ya fuskanci layin. An shafa wa hularsa ja, amma rigar da fuskar suna nan launin toka, Baba bai kai ga gama su ba.