Kafaɗar Inna

Shekara uku Inna tana ɗaga Baba. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki na hagu, ita ke ciro shi daga gado ta ɗora a keken guragu, ita ke kai shi banɗaki ta dawo da shi. Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma ciwo bai rage masa nauyi ba. Wata safiya tana cicciɓarsa sai ta ji wani abu ya tsinke a kafaɗarta ta dama. Wata biyu tana shafa man zafi kafin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta ja ta asibiti ala dole.

Aka yi mata aiki. Ranar sallama likita ya ɗauko ƙashin kafaɗa na roba daga kan teburinsa ya nuna mata.

"Mama, jijiyar da ke ɗaga miki hannu ce ta ɓalle daga jikin ƙashi. Mun jawo ta, mun kafa 'yan ƙusoshi a ƙashin, mun ɗaure ta da zare. Amma ɗauri ne kawai, ba ta kama ba tukuna."

"To yaushe za ta kama, ɗan nan?"

"Wannan aikin jiki ne, ba namu ba. Wani nama mai taushi zai fara fitowa tsakaninsu, a hankali yake yin tauri. Sati shida hannun yana cikin maratayi. Kafin wata uku ko butar shayi kar ki ɗaga da shi. Zafin zai tafi da wuri, shi ke ruɗin mutane. In ta sake ɓallewa, ɗinki na biyu ba ya kai na farko."

Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku. Baba ya shekara bai sauka ƙasa ba, yanzu ita ma ta zama 'yar zaman ɗaki. Hannun na ɗaure a ƙirjinta, da wani ɗan matashi a ƙarƙashin hammata, sai zufa da ƙaiƙayi. Da hagu take cin abinci tana zubarwa. Ɗankwali ma sai an ɗaura mata. Auta ta ɗauki hutun sati uku a kantin maganin da take aiki. Da hutun ya ƙare, sai ita da mijinta su zo da safe su ɗora Baba a keke, su dawo ƙarfe biyu su mayar da shi gado. Tsakanin nan Inna sai kallo. Tana ganin ya karkace, wuyansa ya langaɓe, ba ta da ikon gyara shi.

A sati na huɗu zafin ya tafi ƙaf. Ranar wata Talata, wajen sha ɗaya na safe, tana kicin tana fama da murfin kwalba sai ta ji tim, ƙarar keke ta biyo baya.

Ta tarar da Baba a ƙasa tsakanin gado da kabad, kumatunsa a kan siminti, mataccen hannunsa ya naɗe a ƙarƙashinsa.

"Innalillahi! Malam, ka bugu?"

"Ban bugu ba," ya ce, maganar na fita ta gefen baki.

Ta fita ta bubbuga ƙofofin maƙwabta uku. Shiru, kowa ya tafi aiki. Ta kira Auta.

"Inna, kar ki taɓa shi! Don Allah kar ki taɓa shi. Bari in kira mijina, ga mu nan. Amma hanya a cushe take, zai kai awa guda."

Inna ta koma ɗaki ta tsaya a kansa. Ta san yadda ake yi: hannu biyu a hammatarsa, gwiwa a bayansa, a ja sau ɗaya. Ta yi haka ya fi sau dubu. Ta motsa yatsunta na dama, babu zafi ko kaɗan. Ta kai hagunta ga maɗaurin maratayin ta ɓalle shi.

Baba ya damƙi gefen zaninta da hannunsa mai lafiya.

"Mayar."

"Minti ɗaya ne, Malam. Ka ga ma ba ya ciwo."

"Na ce ki mayar. Kin ɗauka Auta ba ta faɗa mini abin da likitan ya ce ba? Zare ne kawai a ciki."

"To in zuba maka ido kana kwance a siminti?"

"Na kwana a ƙarƙashin mota shekara talatin. Siminti ne zai kashe ni?"

Ta mayar da maɗaurin da haƙori da hagu, hawaye na zuba. Ta turo filo da ƙafa, ta durƙusa ta cusa masa a ƙarƙashin kai. Da ƙyar, shi yana ɗan mirginawa ita tana ja da yatsun hagu, suka zaro mataccen hannun. Daga nan ta zauna kusa da shi. Da ta zo tashi sai gwiwoyinta suka ƙi. Ta saba dafa ƙasa da hannu biyu. Ta gwada sau uku, ta haƙura.

Baba ya yi wata 'yar dariya mai kama da tari. "To, mun zama biyu."

Suka zauna. Daga ƙasa ɗakin ya zama wani daban. Tana hango ƙura da wani tsohon silifas a ƙarƙashin gado. Fanka na juyawa, agogo na tafiya kamar ba ya so. Wayar ma tana can kan kabad, ta yi ƙara har ta gaji.

"Me ka je ɗauka?" ta tambaye shi.



"Ba komai. Tashi nake koya. Kullum in kin shiga kicin sai in dafa gado in gwada. Jiya na tsaya har na ƙirga huɗu." "Ni na tsinka miki hannun nan. In ya warke ma, ni zan sake tsinka shi."

Inna ta share masa gefen baki da bakin zaninta.

Sha biyu da rabi suka ji gudu a matakala. Surukin, mijin Auta, ya ɗauki Baba ya kwantar a gado, sannan ya dawo ya kama Inna ta ƙugu ya miƙar da ita. Auta tana faɗa tana kuka, tana duba kan Baba ko ya kumbura.

Bayan wata uku aka ɗauki hoton kafaɗar. Likita ya ce jijiyar ta kama, amma kamun tabo ne, ba zai kai na asali ba. Za ta iya girki, za ta iya shanya. Ɗaga mutum kuwa, har abada.

Surukin ya kafa ƙarfen dafawa a bangon gado, aka samo mai koya wa Baba tsayuwa sau biyu a sati. Har yanzu a hawa na uku suke zaune. Da hantsi Inna kan fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsunta sama a hankali, kamar yadda aka koya mata a asibiti, Baba na kallo daga keke.

"Jiya kin wuce nan," yakan ce.

"Kai dai ka ji da naka."